Koyon Zamiyar Ruwa a Kan Allo Ɗaya

Asabar, 19 ga Oktoba, 2024

Damina ta ɗauke, dam ɗin Kangimi ya cika maƙil, Kawu kuma ya gama gyaran injin jirginsa. Yau muka fara abin da na daɗe ina yi masa naci a kai: zamiya a kan ruwa, mutum yana tsaye a kan allo, jirgi mai inji yana jansa da igiya. Inda nake so in kai shi ne allo ɗaya, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, wanda ake kira silalom, ana yankar ruwa dama da hagu ana kewaya ƙwallayen da aka kafa a saman ruwa. Kawu ƙanin mahaifiyata ne. A Legas ya koyi wasan lokacin da yake aiki can, da ya yi ritaya ya dawo Kaduna da allunansa, suka yi shekaru a rufin gareji.

Mutane za su ce me ya hana mu kogin Kaduna, ga shi a tsakiyar gari. Duk wanda ya tsaya a Gamji kusa da gadar Lugard ya leƙa ya san amsar. Da damina ruwan yana gudu da ƙarfi ɗauke da itace da tarkace, da rani kuma duwatsu ne ke fitowa ko'ina. Wasan nan yana son ruwa kwantacce, mai zurfi, mai doguwar miƙa. Shi ya sa muke ɗaukar hanyar Jos bayan sallar asuba, mu wuce Maraban Jos mu shiga ƙasar Igabi.

Ba mu sauke jirgi ba sai da muka je gaida dattijon masuntan wurin. Kawu ya cire takalmi ya durƙusa, ya yi bayani dalla-dalla. Dattijon ya daɗe yana juya allon a hannunsa kafin ya ce, "Alhaji, ruwa na Allah ne, amma raga ta talaka ce. Ku bari yara su ɗebe raga tukuna, sannan ku bi gefen can mai zurfi." Kawu ya ce, "Mun ji mun karɓa, Baba." A kan haka aka tsaya: ba za mu tada inji ba sai sun kwashe, kuma duk inda muka hangi kwale-kwale za mu rage gudu tun daga nesa.

Yau ban tashi a kan ruwa ba, ba a ma gwada ba. A bakin gaɓa Kawu ya zaunar da ni a ƙasa, gwiwoyi a ƙirji, hannuwa a miƙe, ya kama ɗaya bakin igiyar yana jana har in miƙe tsaye ba tare da na lanƙwasa hannu ba. Sannan ya koya mana alamun hannu, ni da ƙanena da zai zama mai lura: babban yatsa sama a ƙara gudu, ƙasa a rage, dafa kai a koma gaɓa, shafa hannu a wuya a kashe inji. In ka faɗi kuma lafiya kake, ka haɗa hannu biyu a saman kai. Dokokinsa biyu ba sa karɓar roƙo. Ba mai taɓa igiya babu rigar ruwa mai hana nutsewa a jikinsa, ko da ya fi kifi iya iyo. Kuma inji a kashe yake muddin mutum yana kusa da farfela.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na tashi a kan allo biyu. Faɗuwa ta riga tashi, kuma kusan duk iri ɗaya ce: da jirgi ya fizga sai hannu ya janyo mariƙin igiya zuwa ƙirji, igiya ta yi sako-sako, mutum ya koma da baya. Jiki ne ke yin haka da kansa, don a ƙasa in an ja ka ja kake yi. Kawu ya juyo da jirgi ya kashe inji ya ce, "Kai ɗan nan, kuɗin mai na saya don inji ya ɗaga ka. Riƙe kawai, ka zauna a kan dugaduganka." Da aka sake ja na ƙudundune na jira. Ruwa ya taso mini har haɓa, ya danne ƙirji kamar ba zai sake ni ba, sai na ji allunan sun haura sun kwanta, nauyin ya tafi gaba ɗaya. Ƙarar da nake ji a ƙarƙashin ƙafa ta koma wani siririn shuu. Wayar ƙanena ta nuna muna tafiya wajen kilomita 30 a awa.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Tafin hannu duk bororo, damatsa sun yi tsami har ɗaga buta sai da dabara. Na sayi safar hannu irin ta masu babur a Kasuwar Bacci, ta yi aiki.

A hanyar dawowa Kawu ya ba mu tarihin wasan. Wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna Ralph Samuelson ne ya fara shi a 1922, a tafkin Pepin da ke jihar Minnesota ta Amurka. Katakai biyu masu tsawon ƙafa takwas ya samu ya lanƙwasa bakinsu, ya ɗaura igiyar shanya, ɗan'uwansa ya ja shi da jirgi. Ya yi kwanaki yana nutsewa kafin ya gane cewa dole bakin katakon ya leƙo sama da ruwa, mutum kuma ya jingina baya. Abin da aka koya mini cikin safiya ɗaya ke nan. Daga nan wasan ya bazu har aka kafa ƙungiyarsa ta duniya a Janeba a 1946, aka yi gasar duniya ta farko a Faransa a 1949.

Asabar, 7 ga Disamba

Sai da aka tantance ƙafar da za ta shiga gaba. Ina tsaye ban shirya ba ƙanena ya ture ni ta baya, ƙafar hagu ta riga fita tare ni. Hagu ce gaba ke nan.

Makonnin nan ina ta ɗaga allon dama daga ruwa ina tafiya a kan na hagu, da farko ƙiftawar ido, daga baya har in ƙirga goma. Yau aka sassauta takalmin robar allon dama tun kafin in shiga. Da muka miƙe a wuri mai lafiya na mayar da nauyina hagu, na ɗaga dunduniya, ruwa ya zare allon ya tafi da shi. Nan ne wurin da ake son haƙuri. Ƙafar da ta kuɓuta ba a gaggawar cusa ta a madaurin ƙafar baya da ke kan allon hagu. Ana barin yatsu su ja ruwa a gefe, sai jiki ya daidaita, a ɗora ta a kan allo a hankali, sannan a lallaɓa ta cikin madauri. Allo ɗaya yana rawa ƙwarai in gudu ya yi kaɗan, don haka Kawu ya ƙara totur zuwa wajen kilomita 42, rawar ta ragu nan take.

Wani yaro ɗan masunta ne ya tsamo mana allon da na yar, ya kawo a kwale-kwalensa yana tambaya ko shi ma za a ja shi. Kawu ya ce sai da izinin mahaifinsa, kuma sai an samo rigar ruwa daidai jikinsa. Ba wasa yake yi ba, ya riga ya aika Legas a nemo.

Asabar, 21 ga Disamba

Hunturu ya sauka sosai. Hazo ya rufe ɗaya gaɓar, iska ta tada taguwa tun kafin hantsi, kuma direban da ba ya hango kwale-kwale daga nesa ba shi da hurumin jan mutum. Mun sha shayi muka juyo.

Na yi amfani da makon na je gwajin fitsari. Tsargiya gaskiya ce a ruwayenmu masu kwanciya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan dodon koɗi ta huda fata, musamman a gefen gaɓa mai ciyawa, kuma mutum yana iya ɗaukar watanni bai ga jini a fitsari ba. Sakamako ya fito lafiya. Likitan ya ce in ci gaba da zuwa gwaji muddin ina shiga ruwa, maganinta praziquantel yana nan in an kamu. Tun daga nan daga cikin jirgi nake shiga ruwa a wuri mai zurfi, na daina takawa ta cikin ciyawa.

Sai maganar mai. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowace fita sai an yi lissafi, ga injin namu irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai ne, yana sha ba kaɗan ba in ana fizgar mutum. Mun raba: jirgi da gyara na Kawu, mai nawa.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yar da allo dabara ce ta wucin gadi. Mai silalom na gaske daga cikin ruwa yake tashi a kan allonsa ɗaya, kuma wannan ne ya tsare ni tun ƙarshen Disamba. Yau ya yiwu, shi ya sa zan rubuta shi filla-filla kafin jiki ya manta.

Allon Kawu inci 67 ne, daidai da nauyina. Ƙarƙashinsa a ƙwarye yake, a wutsiya akwai fiffiken ƙarfe mai hana shi sulɓewa gefe. Saboda siririn bayansa, ba ya ɗaga mutum da sauri kamar allo biyu, sai an ja ka cikin ruwa na ɗan lokaci, kuma injinmu mai ƙarfin doki 85 ba ya fizga irin ta jiragen gasa. Wannan ɗan lokacin shi ne duk wahalar. Ruwa yana bugun fuska, ba ka ganin komai, allo yana neman kaucewa dama ko hagu, zuciya tana cewa ka miƙe tsaye yanzu. Wanda ya miƙe kafin allo ya hau ruwa kuwa zai kifa ta gaba.

Ga yadda ya yi mini daidai. Ƙafa biyu duk a cikin madauri. Gwiwar gaba manne da ƙirji, dunduniyar baya kusa da mazaunai. Bakin allo ya leƙo sama kamar taƙi ɗaya, a ɗan karkace shi hagu, igiya ta bi ta damansa tunda hagu ce ƙafata ta gaba. Hannuwa a miƙe, mariƙi ƙasa-ƙasa kusa da gwiwa. Kawu ya sa giya ya ja a hankali har igiya ta miƙe, na ja dogon numfashi, na ce "Ja!" Daga nan aikina in ƙanƙame jiki a dunƙule, in danne haɓa, in bar ƙirji ya biyo gwiwa. Ruwan da ya rufe mini ido ya yaye, na ga bayan jirgi, na ga ƙanena ya miƙe yana kabbara. Ban miƙe ba sai da na ji allon ya daina turjiya.

Rabin nasarar na direba ne, kuma ina so a san haka. In ya danna totur gaba ɗaya lokaci guda, mariƙi zai fice daga hannu. In ya yi sanyi, mutum zai yi ta shan ruwa har ƙarfinsa ya ƙare. Kawu yana farawa a hankali ya ƙara a jere, idonsa a gaba, kunnensa wajen ƙanena da ke faɗa masa "bakin allo ya fito, ƙara, ƙara, ya hau." Daga gaɓa mutum ɗaya ake gani a bayan igiya, amma mu uku ne muke tashi.

Sanyin ruwan Janairu ba ya barin a daɗe. Leɓena ya yi shuɗi-shuɗi, Kawu ya ce ya isa, aka lulluɓe ni da bargo.

Asabar, 25 ga Janairu

Ruwa ya fara ja baya. Dam ɗin nan an gina shi ne don ya tallafa wa ruwan shan Kaduna da rani, saboda haka raguwarsa ba abin mamaki ba ce. Babban ɗan dattijon ya tare mu tun kafin mu sauke jirgi, ya ce a layin da muke bi akwai kututturan itatuwa da ruwa ya shanye, yanzu saura kaɗan su leƙo. Ya shiga jirginmu da gora mai tsawo yana caka ƙasa yana nuna mana su ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya bai fi kamu ɗaya a ƙarƙashin ruwa ba, baƙi ƙirin, ba a ganinsa sai an zo kansa. Ya ɗaura wa kowanne galan da igiya da dutse, ya mayar da mu wani layin. Kawu ya miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa, sai kifi muka saya a hannunsa. Babu taswira ko na'urar da za ta ba mu abin da mutumin nan ya ba mu da safiyar nan.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Jirgi in yana gudu yana barin tudun ruwa biyu a bayansa, dama da hagu. Kawu kunya yake kiransu, kamar ta gona, kuma silalom duka ƙetare kunyar nan ne. Na farko-farko ina zuwa gab da ita sai in saki jingina, allo ya kwanta a kan cikinsa, tudun ya cilla ni sama. Gyaran ya saɓa wa abin da tsoro ke faɗa: allo ya zauna a kan gefensa har a wuce kunya ta biyu, gwiwoyi a sake, ƙugu a gaba kusa da mariƙi, kafaɗu a baya, ido a ƙetare can inda za a je. In allo yana kan gefe, yanka tudun yake yi ya wuce.

Akwai kuma bambancin ɓangare. Mai hagu a gaba ƙirjinsa yana kallon dama, don haka in ina yankawa zuwa hagu ina fuskantar jirgi, jingina tana zuwa da sauƙi. Zuwa dama kuwa sai na murɗa ƙugu, mazaunai su zame baya, kafaɗa ta faɗa gaba. A nan na sha faɗuwar da ta fi kowace zafi, haƙarƙari ya bugi ruwa, numfashi ya ɗauke na ɗan lokaci. Rigar ruwa ce ta juyo da fuskata sama kafin in dawo hayyacina. Ina tuna yawan mutanen da muke rasawa a haɗarin kwale-kwale a Neja da Kebbi da Sakkwato, akasarinsu babu wannan rigar a jikinsu, abin yana ci mini rai.

Kawu ya ɗaure igiya a jikin bishiyar mangwaro a gidansa da ke Unguwar Rimi. Kullum bayan la'asar ina zuwa in jingina a kanta ta ɓangaren dama, yana dafa ƙuguna yana turawa gaba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Filin gasa yana da ma'auni tsayayye a duk duniya. Tsawonsa mita 259. Jirgi yana bin tsakiya a miƙe, mai zamiya ya shiga ta ƙofa, ya kewaya ƙwallaye shida, uku dama uku hagu, ya fita ta ɗaya ƙofar. Kowace ƙwallo tana nesa da tsakiya da mita 11.5, tsakanin wata da mai bi mata kuma mita 41 ne a tsaye. Ana ƙara gudu har kilomita 58 a awa ga maza, 55 ga mata. In an kai nan sai a shiga rage igiya: daga mita 18.25 zuwa 16, 14.25, 13, 12, 11.25, har ƙasa.

Mu galan shida muka samu masu ruwan ɗorawa a madadin ƙwallaye, muka auna mita 41 da igiya mai ƙulli, amma faɗin muka tsaya a mita 7. Mun nemi izinin dattijon kafin mu jefa su, da sharaɗin mu kwashe kafin mu tafi don kada su kama raga. Na kewaya na farko, na isa na biyu a makare, sauran na wuce su ta ciki. Galan ya nuna mini abin da fili ba ya nunawa: ina jin kamar ina yankawa da kyau, ashe jinkirina yana farawa tun daga kunya. Wanda ya saki jingina da wuri a can, a makare zai iso nan.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi ya kama tun 1 ga wata, mun ajiye jirgi. Wasan da kowace faɗuwa ke tura ruwa hanci da maƙogwaro ba na mai azumi ba ne. Igiyar mangwaro tana nan bayan tarawi.

Ina kallon bidiyon gasa a waya. Nate Smith na Amurka ya kafa tarihin duniya a 2013 da kewaya ƙwallo biyu da rabi a igiya mai mita 9.75. Igiyar ta gaza kaiwa ƙwallo da kusan mita biyu, da tsawon jikinsa da hannu ɗaya yake cike gurbin, yana kwance kusan a kan ruwa. Na rage saurin bidiyon ina duba abu guda, wato inda mariƙi yake lokacin da yake ƙetare kunya. Manne yake da ƙugunsa, hannuwa a miƙe, daidai abin da Kawu ya zaunar da ni a ƙasa ya nuna mini ranar farko. Jiragensu injinsu a ciki yake, na'ura ce ke riƙe gudu ta tauraron ɗan'adam ba hannun direba ba, kunyarsu kuma ƙarama ce. Tamu ta fi tasu tudu nesa ba kusa ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Mun koma bayan Sallah. Zafi ya yi yawa, amma ruwan da sassafe lumui yake, babu iska ko kaɗan. Hutun bai ci tashi daga cikin ruwa ba, kuma ɓangaren dama ya gyaru fiye da yadda na zata. Igiyar mangwaro ta biya.

A gudun kilomita 46, da cikakkiyar igiya mai mita 23, na kewaya galan huɗu a jere. Na biyar yana dama, kuma zuwa gare shi ne yankan da ya fi ba ni wuya, a nan hannu ya gaji ƙugu ya zame. Kawu ya ce kada a matsar da galan ko taƙi ɗaya sai na zagaye shidan sau da yawa ba tare da haki ba, sannan a ƙara mita ɗaya.

Rigar ruwan yaron ta iso. Mahaifinsa ya shiga jirgi ya zauna kusa da ƙanena, aka ɗaura wa yaron allo biyu, aka ja shi a hankali. Bai janyo mariƙi ba ko kaɗan, ya tashi tun a ja na biyu, mutanen gaɓa suna ta sowa. Dattijon ya ce akwai wasu yaran uku da ke so, Kawu ya ce a kawo su ɗaya-ɗaya, rigar ɗaya ce.

Asabar, 26 ga Afrilu

Hadari ya fara haɗuwa da yamma, an yi yayyafi a gari cikin makon nan. Ruwan dam ya yi ƙasa sosai, layinmu ya gajarta har sai da muka cire galan biyu, don haka yau juyi kawai na yi ta maimaitawa a kan huɗu. Da ruwan sama ya kankama dam zai yi jawur ya ɗauko itace, ga tsawa, ga hanyar shiga da ke caɓewa. Mun yanke mu tsaya a tsakiyar Mayu mu dawo a Oktoba.

Kafin nan akwai aiki. Madaurin baya ya tsage ta gefe, za a kai wa mai gyaran takalmi ya ɗinke da zaren roba. Igiyar ta fara cin kanta kusa da mariƙi, sabuwa za a saya, mai ƙulle-ƙullen ragewa. Injin zai je wajen makaniki a duba famfon ruwansa da fulogi. Ni kuma zan nemo ƙarin rigunan ruwa biyu na yara, na riga na yi magana da wanda zai taho da su daga Legas a ƙarshen wata.